Farautar Hoto Garau: DStv, GOtv ko StarTimes?

Asabar
Sabuwar talabijin mai inci 43 ta shigo gida, amma hotonta bai kai yadda na gan shi a shago ba. Uwargida ta ce, "Maigida, ai wannan da tsohuwar duk ɗaya ne." Yara kuwa Firimiya kawai suke so. Kafin in zuba kuɗi, sai na zagaya na ga abin da kowa ke sayarwa da sunan HD.

Lahadi
Na leƙa gidan kallon unguwarmu, inda suke da DStv. Lambar rigar ɗan wasa tar, har gumin goshinsa kana gani. Firimiya a hannun SuperSport take, tashar MultiChoice, kamfanin Afirka ta Kudu mai DStv da GOtv, wanda Canal+ na Faransa ya saya a 2025. Rukunan DStv sun fara daga Padi sun tuƙe a Premium, kuma manyan wasanni suna can sama inda kuɗin wata ke da nauyi.

Litinin
A Kasuwar Sabon Gari wani mai haɗa dish ya ba ni karatu a tsaye. Ya jona dikoda da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya: rubutun ƙasan allo ya yi dishi-dishi. Ya zare ta ya sa HDMI, sai ga kowane harafi ya fito raɗau. Ya ce, "Alhaji, abu huɗu ne: tashar ta watso da HD, dikoda ta iya ɗauka, waya ta zama HDMI, talabijin ta iya nunawa. Ɗaya ya faɗi, sauran sun tashi a banza." Cikakken HD layi 1080 ne, hoton da muka saba kuwa 576. Allo na ƙara girma, bambancin na ƙara fitowa.

Talata
Yau ranar masu eriya ce. GOtv ta zo Najeriya a 2011, ba ta bukatar dish, eriya ce a kan doguwar sanda. Ta fi sauƙin kuɗi, sai dai hanyar ƙasa ba ta da faɗin ta tauraron ɗan adam, shi ya sa tashoshin HD ba su da yawa a cikinta. StarTimes ta ƙasar Sin ta fara aiki a Najeriya a 2010 tare da NTA, tana da ta eriya da ta dish. Abin da ya ja hankalina shi ne ana iya biyan na yini ko na mako. A garin da wuta ke zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuɗin wata tafiya yake yi ko an kalla ko ba a kalla ba.

Laraba
Na tambayi mutanen gida abin da suke kallo da gaske. Arewa24 ce kan gaba, saboda Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai tashar Harami da ta wa'azi. Duk waɗannan ana kama su kyauta da dish da risiba. Tsofaffin finafinan Kannywood kuwa, da ƙaramar kyamara aka ɗauke su, ba dikodar da za ta wanke su.

Alhamis
Hadari ya haɗo da la'asar. Maƙwabta masu dish duk hotonsu ya daskare sai da ruwa ya tsagaita, ko na wane kamfani ne. Masu eriya sun ci gaba da kallonsu.

Juma'a
Hukuncina ke nan. Mai son ƙwallon Turai a babban allo, DStv ce tasa, in aljihu zai ɗauka. Mai lallaɓa kuɗi da ƙarancin wuta ya duba StarTimes ko GOtv. Gidan da Hausa da wa'azi kawai ake kallo, risiba ta wadatar. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka tashar da iyalinka ke kallo, da wayar HDMI, ka gani da idonka.