Furen Lalle

Duk Bahaushe ya san lalle, amma ta ganyensa ya san shi. Ana tsinke ganyen, a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, sannan a ƙunsa wa amarya a hannu da ƙafa. Kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka shaƙi furensa, alhali a ganina nan rabin darajarsa take.

Masana tsirrai na kiransa Lawsonia inermis, sunan da Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 6. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, kuma idan itacen ya manyanta, kan rassansa yakan rikiɗe ya zama ƙaya. Furen kuwa mitsi-mitsi ne, fari ko mai ratsin ja, yana fitowa cunkus a kan reshe, kowanne da kunnuwa huɗu. Daga nan sai 'ya'ya, masu girman masoro, cike da iri. A Kannauj ta ƙasar Indiya, har turare ake tatsowa daga wannan fure.

A gidanmu na Gagarawa Tasha, kusa da layin dogon Kano zuwa Nguru, da lalle kakata ta yi shingen bayan madafa. Idan ya yi fure, da almuru ƙanshinsa kan riga hayaƙin tuwo isa zaure. Ban taɓa ganin ta ba shi ruwa da rani ba. Kakkaɓe ganye yake yi, ya jira ruwan farko, domin zafin ƙasar Gumel da rairayinta ba baƙonsa ba ne.

Yau gidajen bulo na ƙaruwa, shingen lalle na raguwa. 'Yan mata sun koma ga dayis ɗin kanti, wanda sinadarinsa kan ƙone fatar wasu, yayin da jan lalle ke kama fata a hankali, ya tafi ba tabo. Abin da ya fi damuna shi ne, ƙannena sun san garin lalle a leda, amma ba za su gane itacensa a hanya ba.

Ceto shi ba ya buƙatar kuɗi. Reshe guda aka yanka aka kafa da damina, yana kamawa. Wanda ya kafa shi bana, jikarsa ba za ta nemi lallen aurenta a kasuwa ba.