Manhajar tattara buƙatu da bakin da ba ta ji ba

Duk wanda ya taɓa gina wa babbar hukuma manhaja a Abuja ya san inda gizo ke saƙar: gano ainihin abin da hukumar take so. Daraktan kuɗi da nasa, daraktan ma'aikata da nasa, kafin a ankara an kawo sabon shugaba ya ce a sake lale.

A aikin da na yi wa wata hukuma a Garki, manhajar tattara buƙatu ta IBM DOORS muka yi amfani da ita. Kowace buƙata da lambarta, da wanda ya nema, da ranar da aka sauya ta, da gwajin da zai nuna an cika ta. Ranar da ɗan kwangila ya kafe cewa rahoton wata-wata ba ya cikin yarjejeniya, allo kawai aka juya masa, ga lamba ga amincewarsa, gardama ta mutu nan take. Ko an yi wa jami'i canjin wurin aiki, abin da ya nema yana nan daram. Wannan alheri ne babba, ba na raina shi.

Sai dai lasisin da dala ake biya, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 mutum kaɗan ake iya yankar wa. Sauran suna Excel da WhatsApp. Oga kuwa ba ya shiga manhaja; a ofis yake ba da umarni da baki, kuma shi ake bi. Sai ka ga allo tsaf-tsaf, aiki ya bi wata hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne buƙatar da ba a tambaya ba. Alal misali, IPPIS, tsarin biyan albashin tarayya da aka fara a 2007, ya yi maganin ma'aikatan bogi da yawa, amma ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi ta kukan cewa bai san malamin da ke hutun bincike ko mai koyarwa a wata jami'a ba. Rikicin na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, har a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i daga tsarin.

Shi ya sa yanzu kafin in buɗe kwamfuta nakan ja kujera kusa da akawun rajista da mai lissafin albashi, in ce su nuna mini takardar da ta fi ba su ciwon kai a ƙarshen wata.