Tsibirin Da Babu Tashar Motar Fita

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tonon asirin kaina zan yi. A littafina na biyu na rubuta cewa ango ya ɗauki amaryarsa a jirgi, fas kilas, suka lula ƙasar waje ana ta kawo musu kaji, alhali wallahi a lokacin ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Sai a 2024 Allah Ya nufa, wurin aikin maigida suka tura shi kwas na sati biyu a Morishas, wani tsibiri da ke tekun Indiya gabas da Madagaska, ya ce in shirya da ni za a tafi.

Daga Kano muka sauka Legas, daga Legas sai Johannesbag. A can ne muka shiga jirgin mutanen tsibirin, wato Air Mauritius. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wani jan tsuntsu mai dogon bindi da aka zana a wutsiyar jirgin. Maigida ya ce tsuntsun teku ne na ƙasarsu, shi suka mayar tambari. An kafa kamfanin a 1967, shekara guda kafin ƙasar ta sami 'yancin kai daga Ingila, kuma da ɗan ƙaramin jirgi mai cin mutum shida suka fara jigila a 1972. Yau ga su da manyan Airbus, irin su A350 da suka fara karɓa a 2017 da A330neo da ya biyo baya a 2019.

Muna shiga na shiga raba ido ina neman fas kilas ɗin nan na littafina. Ashe babu shi ma sam! Aji biyu ne kawai, na 'yan kasuwa a gaba, sai ikonomi a baya. A cikin A350 ɗinsu kujerun gaba 28 ne, kowace tana miƙewa ta zama gado, na baya kuwa 298. Ta gefensu muka ratsa, na ce,

"Yallaɓai, ba nan za mu zauna ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ranki ya daɗe, sai kin sayar da littafi dubu nawa?"

Muka wuce can baya aka ja labule. Ba zan ɓoye muku ba, labulen nan ya tsaya min a rai. Amma aka kawo abinci da zafinsa, ga 'yar talabijin a bayan kowace kujera, kafin in gama kallon fim biyu awa huɗu ta cika, sai ga koren tsibiri tsakiyar ruwa shuɗi shar.

A talabijin ɗin ne na ga taswirar inda jiragensu ke zuwa: Paris, Landan, Mumbai ta Indiya, Kwala Lamfur, Fat ta Ostireliya, Madagaska da maƙwabciyarsu Reunion. Maigida ya ce in lura da kyau, kusan duk inda layi ya nufa akwai dalili. Faransa da Ingila su suka mulke su, yawancin mutanen ƙasar kuwa kakanninsu daga Indiya aka kawo su aikin rake. Wato dai hanyoyin zumunta ne da na neman abinci aka shimfiɗa a sama.

Ban gane zancen nan sosai ba sai ranar da muka je Rodrigues, wani ƙaramin tsibirin ƙasar mai nisan wajen kilomita 560. Jirgin da ke zuwa can ATR 72 ne, mai farfela biyu, yana cin mutum saba'in ko kusa da haka. Ta ƙofar baya ake shiga, kujeru bibbiyu dama da hagu, babu gaba babu baya, babu labule. Mai kwat da mai kwando duk kafaɗa na gugar kafaɗa, sai ka ce motar Wudil ranar Juma'a.

A dawowa aka haɗa ni kujera da wata baiwar Allah rungume da yaro ɗan shekara uku, ya yi laushi, ko kuka ba ya iya yi. Da ɗan Turancina na sakandare da nata muka fahimci juna. Likitocinsu ne suka tura ta babban asibiti a Morishas. Na ce da babu jirgin nan fa? Ta ce sai na ruwa, shi kuwa ya fi kwana guda a hanya, kuma ba kullum yake tashi ba. Tana faɗa tana shafa kan yaron. Awa ɗaya da rabi muka yi, ban iya cin komai ba, addu'a kawai nake yi masa a zuciyata.

A nan na ji kunyar kaina. Mu idan ciwo ya tashi cikin dare, ko a Daidaita Sahu ne za a kai mutum asibiti, ko maƙwabci ya ba da aron mota. Su kuwa ko'ina suka juya ruwa ne. Shi ya sa da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, har kamfanin ya shiga hannun masu ceto a watan Afrilun 2020, gwamnati ba ta bar shi ya mutu ba, ta zuba kuɗi ya farfaɗo a 2021. Wanda titinsa ɗaya ne ai ba ya bari ruwa ya cinye shi.

Da muka sauka motar asibiti na jiransu, ta ɗago min hannu suka wuce. Ban san sunanta ba, ban kuma san yadda aka ƙare ba, har yau yaron nan yana faɗo min a rai. Da za mu taho gida aka sake jan labule a gabanmu, ko ɗaga kai ban yi ba.

Don Allah duk wadda ta karanta ta sa shi a addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.