Daga bakin teku zuwa barajin Mozage: fatsar gashin zakara a ƙasar Ƙwanni

Matafiyin da ya baro Yamai ya bi babbar hanya mai lamba 1, bayan kilomita kamar 420 zai sauka Birnin Ƙwanni. Abin da zai fara gani sananne ne: manyan motoci jere a gaban laduwan, ƴan canji da damman naira da sefa, buhunan albasa masu jiran mota. Ba wanda ke zuwa Ƙwanni da tunanin kifi, domin tsakaninta da teku akwai wajen kilomita 800 ko da tsuntsu ne ya miƙe kudu. Amma da yamma, a bakin tasha, ga mata nan da farantan soyayyar tarwaɗa da gargaza. Wanda ya tambayi inda kifin ya fito, za a nuna masa gabas, wajen Majiya.

Majiya kwari ne da ke tasowa daga tuddan Adar, ya gangaro kudu maso yamma ta ƙasar Malbaza da Tsarnawa, ya wuce Ƙwanni, ya tsallaka iyaka ya zube a tabkin Kalmalo na Najeriya. Ba ya gudu sai da damina. Tsakanin 1976 da 1982 aka tare ruwansa da baraji biyu, na Mozage da na Zango, aka ja shi ta doguwar magudana zuwa ma'ajiyar Cerasa, domin shayar da gonakin rani fiye da hekta 2.400 da ke kewaye da birnin. Don dawa da alkama da albasa aka yi aikin, amma inda ruwa ya kwana kifi ba ya neman izini.

A arewa kuwa, wanda ya karya ta Tsarnawa ya bi hanyar Tawa, ya ratse a Badagishiri ya shiga Illela, zai ji labarin tabkin Ɗan Duci da ke can yamma, a ƙasar da ta koma gundumar Bagaruwa a 2011. A da tabki ne mai ƙafewa da rani. Ruwan 1974, wanda ya biyo bayan babban fari, shi ya cika shi har ya zauna. Daga baya aka zuba masa irin kifi, ciki har da giwan ruwa da ragon ruwa, kuma a 2005 aka sa shi cikin wuraren dausayi masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Kifinsa, banda da soyayye, ya daɗe yana ratsa iyaka zuwa kasuwannin Najeriya.

Da asuba ake sanin waɗannan ruwaye. Kafin rana ta ɗago, masunta sun riga sun shiga: wani kwance bisa gora yana duba ragar da ya shimfiɗa tun daren jiya, wani tsaye cikin ƙaramin jirgi yana wurga birgi, wani yana jan mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. A gefe ga yara da fatsa da gwangwanin tana. Sana'a ce mai asali, wadda Kabawa da Sarkawa suka yi suna a kanta, har bikin Argungu da aka fara a 1934 ya zama abin kallon duniya.

To, akwai wani irin kamu da ba a saba gani a nan ba, wanda ɗan kasuwar da ya yi zirga-zirgar Kwatano da Lome, ko ma'aikacin da ya yi karatu a Dakar, wataƙila ya taɓa jin labarinsa. Faransawa suna ce masa kamun kifi da ƙuda. Ba ƙuda ba ne na gaske: gashin tsuntsu ne da na dabba ake ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare, har ya yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Dabarar tsohuwa ce, domin tun wajen shekara ta 200 wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya masu kama kifi da jan ulu da gashin zakara. Bambancinta da fatsar yara a nauyi yake. Fatsa tana da darma mai jan zare zuwa nesa. Ƙudan gashi ba shi da nauyi, don haka igiyar ce aka yi mai kauri, ita ke ɗaukarsa. Mai kamu yana kaɗa sanda baya da gaba kamar mai bulala, igiya na miƙewa cikin iska, sannan ya sake ta.

A bakin teku, inda igiyar ruwa ke karyewa bisa rairayi, abin ya fi wuya. Mai farawa yana buƙatar sanda mai tsawon mita 2,7, da igiya mai lamba 8 ko 9 wadda za ta iya ratsa iska, da ɗan kwando a ƙugu inda zai riƙa tara igiyar don kada ruwa ya naɗe masa ita a ƙafa. Teku na cika ya janye sau biyu a yini. Mai hankali yakan je lokacin janyewa ya ga inda ramuka da kwaruruka suke, ya dawo lokacin cika, domin a nan manyan kifaye ke jiran ƙanana, sau da yawa taku kaɗan daga gaɓa. Ba a juya wa teku baya, kuma ba a kwana ba a wanke kayan da ruwan daɗi ba, don gishiri maƙiyin ƙarfe ne. A gaɓar Gabon, wajen Sete Kama, baƙi na biyan kuɗi masu yawa don wannan kamu kawai.

Mutumin Ƙwanni ba sai ya jira ranar da zai ga teku ba. Wurgin, wanda shi ne rabin aikin, a tudu ake koyonsa: filin ƙwallo ya isa, a ɗaura guntun ulu a maimakon ƙugiya, kuma wanda ya iya miƙa igiya cikin iskar hunturu, iskar teku ba za ta ba shi mamaki ba. Kayan ƙuda kuwa, ga su nan kasuwar Laraba: gashin zabo, gashin zakara, jelar akuya, zaren tela. Sanda da igiya ne kaɗai sai an yi saƙo. Karatun ruwa ma ɗaya ne. Yadda kifin teku ke laɓewa a kwarin rairayi, haka na baraji ke tsayawa a bakin ciyawa, da gindin kututture, da inda magudana ke zubowa. Duk wanda ya ga yadda tarwaɗa ke ɗagowa ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko, ya san kifi na cin abin da ke bisa ruwa. Giwan ruwa kuma maharbi ne, yana bin abin da ya yi kama da ɗan kifi. A kogin Faro na arewacin Kamaru da ƙudan gashi ake kama shi.

Sharuɗɗa uku ne ga mai farawa. Na farko lokaci: da damina ruwan Majiya ja ne wur, kifi ba ya ganin gashi, sai bayan kaka idan laka ta kwanta. Na biyu lafiya: ruwa mai kwanciya gidan tsargiya ne, gara a tsaya a tudu ko a sa dogon takalmin roba. Na uku ladabi: a nemi ma'aikatan ruwa da daji kan batun takardar izini ga mai kamun nishaɗi, sannan a gaida sarkin ruwa, domin baƙon da ya tsallake mai gida bai iya zuwa ba.

Sai dai ruwan kansa yana cikin hatsari. Kowace damina, ƙasar da ruwa ya kankaro daga tuddan da aka sare wa itace tana zuwa ta kwanta a gindin baraji, zurfi na raguwa. Yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 ta sa an gyara magudanan gonakin Ƙwanni, amma gyaran magudana ba ya mayar da zurfin da laka ta cinye. Ga kuma raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, da ke kwashe uwa da ƴaƴa a tabkunan Sahel da dama.

Ba wanda zai ciyar da iyali da ƙudan gashi, kuma ba a ce masunci ya ajiye birginsa ba. Amma mai ƙugiya ɗaya kifi ɗaya yake kamawa, ya dube shi, in ƙarami ne ya mayar. Ma'aikaci ko attajirin da ya saba tsayuwa bakin Mozage ranar Lahadi zai ga inda ruwa ya tsaya bara da inda ya tsaya bana, kuma irinsa ne ke da bakin faɗa a ofis da majalisar gari. Hausawa sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Saura masu ruwan su ma su riƙa ganin kifin, tun yana nan.