Kukan Farko Da Haƙƙin Maigida

A ƙasar Hausa, idan mace ta durƙusa haihuwa, kunnen kowa a gidan yana kan abu ɗaya, watau kukan jariri. Sai an ji shi ake guɗa, a aika wa dangi da albishir. Amma akwai gidajen da ɗa yake faɗowa shiru, jiki sake, leɓe ya yi duhu. Likitoci sun ce irin wannan ɗa iskar oksijin ce ta yanke masa, ko lokacin naƙuda ko kuwa a daidai fitowarsa, kuma wannan yana cikin manyan abubuwa uku da ke kashe jarirai a watansu na farko, tare da haihuwar bakwaini da cututtukan da ke shiga jini.

Ga yadda abin yake. Muddin ɗa yana ciki ba ya numfashi da huhunsa. Iska tana zuwa masa daga jinin uwa, ta mabiyiya, ta bi cibiya. Duk lokacin da naƙuda ta murɗa, jinin da ke zuwa mabiyiya yakan ragu na ɗan lokaci, sa'an nan ya komo. Lafiyayyen ɗa yana jure wannan. To, amma idan naƙuda ta yi tsawo, ko ƙugun uwa ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko cibiya ta riga shi fitowa ta matse, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, ko hawan jini ya kai uwa ga jijjiga, sai iskar ta gaza. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙuri, cikin 'yan mintoci takan fara lalacewa. Wanda ya tsira da rai yakan tashi da farfaɗiya, ko sanƙarewar gaɓoɓi, ko rashin magana.

Wani magidanci manomi, a wani ƙauye da ke kan hanyar Keffi zuwa Nasarawa, ya san wannan fiye da yadda za a gaya masa. Matarsa ta fara naƙudar fari da la'asar, kunya ta hana ta faɗa sai tsakar dare. Da gari ya waye ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ko a nemo mota?" Ta ce, "Ɗan nan, haihuwar fari sai haƙuri, ni ma haka na haife ka." Aka yi ta ba yarinyar jiƙo don naƙuda ta yi sauri. Sai da rana ta biyu ta kusa faɗuwa aka sami mota. Yaron ya rayu, amma har ya kai shekarun shiga makaranta wuyansa bai tsaya ba. Maƙwabta suka riƙa raɗa cewa ɗan ruwa ne. Ba ɗan ruwa ba ne. Ɗan mutum ne wanda iska ta yanke masa a kan hanya.

Inna ba muguwa ba ce, abin da ta gada ta faɗa. Irin wannan jinkiri kuwa ba a ƙauye ɗaya ya tsaya ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 kacal na haihuwar da ake yi a Nijeriya ne ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓa, kuma daga kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 suna rasuwa kafin su cika wata guda. Mutanen Keffi da kewaye sun fi wasu sa'a, domin ga Babban Asibiti, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2000, inda har daga Garaku da Gitata da Uke ake kawo mata. Sai dai asibiti ba ya tashi ya je gidan mutum, dole a kai masa mai naƙuda kan lokaci.

Da matar ta sake samun ciki, maigidan ya canja shawara. Shi da kansa ya riƙa kai ta awo. A can ne aka duba jininta, aka ga yadda ɗa ya kwanta, aka kuma gaya musu alamun haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, raguwar motsin ɗa, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ruwan faya ya fito kore, ko naƙuda ta wuce awa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta sauka. Ya sayar da buhun masara ya ajiye kuɗin, ya yi magana da mai mota tun cikin yana wata bakwai, ya roƙi ƙanensa ya zauna da shirin ba da jini. Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan Inna, har ya kai ga roƙon limamin unguwa ya sa baki. Ya kuma bar wa matar izini a fili, cewa ko ba ya gida a tafi da ita.

Amfanin ɗakin haihuwa shi ne ana sa ido. Ungozomar asibiti tana sauraren bugun zuciyar ɗa kowane rabin awa, idan an zo yunƙuri kuma ta ƙara yawaitawa. Bugun da ke tsakanin 110 da 160 a minti shi ne daidai. In ya kauce, alama ce ɗa ya fara galabaita, sai a hanzarta fito da shi, ko da ta hanyar tiyata. A nan ne haɗarin allurar ƙara naƙuda da wasu ke yi a gida ko a kantin magani yake fitowa fili, domin tana sa mahaifa ta murɗa babu hutu, ta toshe wa ɗa iska, wani lokaci ma ta fashe.

Ɗiyar da aka haifa musu ita ma ba ta yi kuka nan take ba. Wajen jariri 1 cikin 10 yakan bukaci taimako kafin ya fara numfashi. Ungozomar ta goge ta da busasshen zane, ta shafa bayanta, da ta ga shiru sai ta kwantar da ita, ta rufe mata hanci da baki da 'yar robar hura iska, ta riƙa matsawa kamar sau 40 a minti har ƙirji ya ɗaga, kuka ya ɓarke. Ba a zazzage ta da ƙafa ba, ba a watsa mata ruwan sanyi ba, ba a busa mata hayaƙi ba, domin duk waɗannan ɓata lokaci ne da ƙarin cuta. Wannan dabara ta taimakon jariri cikin mintinsa na farko, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta ne suka fara yaɗa ta a 2010, kuma a asibitocin Tanzaniya da aka gwada ta, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Ba ta bukatar wutar lantarki ko tukunyar oksijin, iskar ɗaki ta isa a fara.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa da ƙananan hukumomi su ga cewa kowane ɗakin shan magani da ake karɓar haihuwa yana da wannan roba, da wanda ya iya aiki da ita dare da rana. Ungozomomin gargajiya, waɗanda mata suka yarda da su, su zama masu rakiya zuwa asibiti maimakon masu tsare mace a ɗaki. Malamai su tuna wa jama'a a huɗuba cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Amma kaso mafi girma yana wuyan maigida, domin kuɗin mota da izinin fita a hannunsa suke, kuma rigakafi ya fi magani. Ragon suna yana iya jira har kwana bakwai, numfashin ɗa kuwa ba ya jiran minti biyar. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, amin.