Allon hancin jirgin Yaya

Jirgin ba nawa ba ne, na Yaya ne. Daga Faransa ya zo da shi da ya gama karatu: ɗan jirgi mai rimot, faɗin fikafikansa mita ɗaya da rabi, da inji ƙirar O.S. na Japan a hancinsa. Duk Lahadi mukan fita bayan garin Maraɗi ta hanyar Dakoro, shi yana sarrafa jirgin, ni ina riƙe da kwalbar mai. Bayan rasuwarsa jirgin ya shekara uku rataye a ɗakin Inna.

Ranar da na sauko da shi, na kama injin sai na ji yana girgiɗi kamar haƙorin yaro. A bayan injin akwai wani allon katako da bai kai tafin hannu ba. A jikinsa ake ɗaure injin da kusoshi huɗu masu noti, shi ya raba injin da tankin mai, kuma duk jan da farfela ke yi a kansa yake ƙarewa. Ya ɓalle ta gefe guda. A fuskarsa kuwa ga rubutun Yaya da fensir: "2° dama, 2° ƙasa."

Rubutun nan ya sa na yi wauta. Ban so in cire allon ba, sai na cusa gam mai kamawa cikin minti biyar a tsagar, na goge, ya yi kyau a ido. Washegari na tada injin a tsakar gida. Ina ƙara masa wuta allon ya tsinke, injin ya yi tsalle, farfela ta daki ƙasa ta karye. Guntunta ta gefen kunnen ɗan Yaya ya wuce, yana tsugune yana kallo. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni, ta ja yaron ɗaki. Da ma zagina ta yi.

Kafintan layinmu ne ya nuna mini abin da na ƙi gani. Ya danna farcensa a allon, mai ya tsattsafo. Ya ce, "Malam, katakon nan ya sha ya ƙoshi, gam ba ya kama mai." Man irin wannan inji metanol ne, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa man shafa ne, irin na zurma, wanda ba ya ƙonewa. Ta salansa yake fita, ya bi jikin jirgin, ya shige katako a hankali.

Na yanke allon. Bangon gefe na itacen balsa ma ya jiƙe, sai na dama sitaci da alkol na shafa, ya kwana, na kakkaɓe da safe. Sau biyar na yi haka kafin garin ya daina yin rawaya. Na haɗa filawud biyu masu kaurin milimita 3, na zana sabon allo da tsohon, na manna shi da gam mai jinkirin bushewa, na tokare kusurwoyinsa da 'yan sanduna masu fuska uku.

A nan na gane rubutun. Juyin farfela yana jan jirgi hagu, ƙarfin inji kuma yana ɗaga hancinsa, shi ya sa ake ɗan karkata injin dama da ƙasa. A allo mai faɗin santimita 7, digiri 2 milimita biyu da rabi ne kacal. Da ma'aunin kusurwa na jakar makarantar ɗan Yaya muka auna, shi ya riƙe mini fitila. Na kwafe rubutun a sabon allon da fensir, sannan na shafe shi da gam da na tsinka da alkol, don kada mai ya sake samun hanya.

Tsohon allon yana cikin akwatina, takardar da na naɗe shi har ta yi dabbaren mai. Jirgin bai tashi ba tukuna. Ina jiran iskar hunturu ta lafa, kuma har yanzu Inna ba ta ce yaron zai bi ni ba.