Ja mu gani, injiniya

Ina SIWES aka kawo wata tsohuwar Subaru mai giyar otomatik garejinmu. Da an murɗe sitiyari a kwana sai ta riƙa turjewa. Ni da karatuna na ce a sauke giyabos ɗungurungum. Oga ya yi dariya, ya cusa fiyus a ramin FWD, ya ce, "Ja mu gani, injiniya." Ta sha kwana sumul. Ashe matsalar tana kulocin da ke tura ƙarfi tayoyin baya.

Kwana biyu ina ƙarƙashinta, man giya har kunne, muka sauya faya-fayan. Kafin ya karɓi kuɗi, Oga ya nuna tayoyin: uku sun suɗe, ɗaya sabuwa fil. "Alhaji, in ba a daidaita su ba, sai ka dawo."